Awa 11 a takarda, awa 14 a kan titi

Shekara ta huɗu ke nan ina tuƙa ƙaramar motar kaya ina raba saƙonni gida-gida a Ingila, kuma haƙurina ya ƙare da rainin hankalin da ake yi mana da sunan dokar lokacin aiki. Dokar tana nan tun 1968, ta ce kada direban kaya ya wuce awa 10 yana tuƙi a rana, kada kuma aikinsa gaba ɗaya, har da lodi da sauke kaya, ya haura awa 11. To, wa yake ƙirgawa?

Babbar motar da nauyinta ya wuce tan 3.5 tana da takogiraf, na'urar da ke rubuta duk mintin da taya ta juya. Direbanta awa 9 yake tuƙi a rana, dole ya huta minti 45 bayan awa huɗu da rabi, kuma ba zai haura awa 56 a mako ba. Idan jami'i ya tare shi, katin da yake sakawa a na'urar ne zai ba da shaida. Mu da motarmu ba ta kai wannan nauyi ba, babu na'ura, ko littafin rubuta awoyi doka ba ta wajabta mana ba, sai ka ce barci yana duba nauyin mota kafin ya ɗauki direba.

Kamfanin da nake yi wa aiki ya san wannan sarai. Ranar da aka ɗauke ni, a cikin tarin takardun da aka tura mini har da wadda na sa hannu cewa na yafe iyakar aikin awa 48 a mako da wata doka ta tanadar wa ma'aikata, kuma wanda ya tsaya tambaya a ranar bai dawo washegari ba. Ƙarfe shida da rabi nake isa sito, in tsaya cikin sanyi ina jiran tirelar da ta makara, in yi lodi da hannuna, amma a wurinsu aiki bai fara ba sai na tayar da mota. Manhajar da ke tsara hanya kuwa ba ta san cunkoso ba, ba ta san bene mai hawa biyar da lif ɗinsa ya lalace ba, balle ta san cewa ɗan Adam yana zagayawa bayi.

Makon jiya, wajen takwas na dare, gyangyaɗi ya sace ni a danja, ƙafata a kan birki, sai hon ɗin motar baya ne ya farkar da ni. Da na kira mai kula da mu na shaida masa, abin da ya fara tambaya shi ne saƙo nawa ya rage a mota.

Tarayyar Turai ta tsayar da 1 ga Yulin 2026 don sanya takogiraf a motocin da suka wuce tan 2.5, amma masu tsallaka iyakar ƙasa kaɗai. Mu da muke zagaya unguwa ɗaya daga asuba zuwa dare, wannan wayar da ke sanar da ofis cewa na makara da minti biyu ta san lokacin da na fara da lokacin da na tashi, amma ba a taɓa neman ta faɗa ba.