Matasan Ikilisiya, Wa Muke Nema wa Suna?

'Yan'uwana matasa, salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, kuma ba zan iya faɗa muku ita ba sai na fara da abin da ya faru da ni.

Shekara shida ina jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. In aka ce yau akwai waƙa ta musamman, kowa ya san bakin wa za a duba. Sai wata shekara, ana shirin babban taron zumunta na gundumarmu, shugaban mawaƙa ya ce wata yarinya ce za ta ja waƙar. Ko wata takwas ba ta yi da shiga ƙungiyar ba. Daga ƙauye ta zo zama wurin gwaggonta, Turanci ma bai zauna mata a baki ba. Na ce, "To, madalla," har da murmushi. Da na koma gida tuwo ya ƙi shiga. Mako uku ban je koyon waƙa ba, duk wanda ya tambaya sai in ce maƙogwaro ke damuna. Ranar taron na nemi bencin baya na zauna. Tana waƙa, ni kuwa na kasa kunne ina jiran inda muryarta za ta karye. A gefena akwai wata tsohuwa 'yar zumuntar mata, ta ɗora tulun kiɗanta a cinya, tana share hawaye da bakin zanenta, leɓunanta suna motsi da addu'a. Jama'a suna saduwa da Allah a wurin nan, ni kaɗai nake farautar kuskure.

A daren barci ya ƙaurace mini. Tambaya ɗaya ta tsaya mini a wuya: an yi waƙa, an ɗaukaka Allah, mutane sun sami albarka, to ni me na rasa da zuciyata take ƙuna haka? Amsar ba ta da daɗi. Shekara shida bakina yana cewa "ɗaukaka ta tabbata ga Allah", amma a ɓoye ina yankar rabona a ciki. Ranar da aka hana ni wannan rabon ne na san da shi nake rayuwa.

Mu matasa mun iya gane girman kan mai kuɗi da na ɗan siyasa, mun iya nuna shi da yatsa. Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Wanda ya fi cin mu shi ne girman kan da yake zuwa sujada da Littafi Mai Tsarki a hammata, yana koyarwa a makarantar Lahadi, yana azumi, yana kwana a addu'ar dare. Shi ne mai wuyar kamawa, domin duk abin da yake yi abu ne mai kyau.

Ku buɗe 2 Tarihi sura 26 ku karanta labarin Uzziya a hankali. Yana da shekara 16 ya hau gadon sarautar Yahuza, wato sa'ar ƙannenmu da ke sakandare, ya kuma yi shekara 52 yana mulki. Yaro ne mai neman Allah, Allah kuwa ya buɗe masa. Ya gina hasumiyai a Urushalima da cikin jeji, ya haƙa rijiyoyi masu yawa domin garkunansa, mutum ne mai son noma. Rundunarsa ta kai mayaƙa 307,500, har gwanaye suka ƙera masa na'urorin harba kibau da manyan duwatsu daga kan ganuwa. Sunansa ya kai har iyakar Masar. Daga nan labarin ya juya: an taimake shi ƙwarai har ya yi ƙarfi, da ya yi ƙarfi kuwa sai zuciyarsa ta kumbura. Ku lura da inda kumburin ya kai shi. Bai tafi gidan gunki ba, bai tafi gidan giya ba. Haikalin Ubangiji ya shiga, ya ɗauki kaskon turare zai yi aikin da aka keɓe wa firistoci. Azariya firist ya bi shi da firistoci 80, suka ce ya fita, wannan ba hurumin sarki ba ne. Maimakon ya sunkuyar da kai sai ya husata, yana cikin fushin kuwa kuturta ta fito masa a goshi, a gaban bagaden turare. Ya ƙare kwanakinsa a wani gida dabam, ɗansa Yotam yana riƙon fada.

Abin da ke ba ni tsoro a labarin nan shi ne, da Uzziya ya ji tsawar Azariya ya ajiye kaskon nan, wataƙila da labarin ya ƙare dabam. Fushin da ya yi saboda an gyara masa ne ya tona abin da ke ciki. Ɗan'uwa, yaushe rabon da dattijon ikilisiya ya kira ka gefe ya ce abu kaza da ka yi bai dace ba, ka ce na gode? Yau da an taɓa matashi sai ka ji ya ce ana yi masa hassada, ana tsoron shafewarsa, tsofaffi ba su gane motsin Ruhu ba. Kafin wata ya zagayo ya koma wata majami'ar, ko ya kama hayar shago ya buɗe tasa, da hotonsa a jikin allo ya fi sunan Yesu girma.

Sarki Hirudus ma haka. A Kaisariya ya sa kayan sarauta, ya zauna a kan gado ya yi wa mutanen Taya da Sidon jawabi, jama'a suka ɗauki sowa wai muryar allah ce ba ta mutum ba. Ba shi ya faɗa ba, su suka faɗa. Laifinsa shi ne ya ji ya yi shiru ya haɗiye. Ayyukan Manzanni 12:23 ta ce mala'ikan Ubangiji ya buge shi domin bai ba Allah girma ba, tsutsotsi suka cinye shi. Sura biyu a gaba, a Listira, aka kawo bijimai da furanni za a yi wa Bulus da Barnaba hadaya, sai suka kyakketa tufafinsu suka kutsa cikin taron suna ihu, su ma mutane ne kamar kowa. Ku duba abin da muke yi da yabon da ake zuba mana a ƙarƙashin hotunanmu a Facebook, "babban bawan Allah", "uban wuta", ku gaya mini wa muka fi kama da shi cikin biyun nan.

Akwai wani nau'in da nake so mu kalla ido da ido, don ya zama ruwan dare a majami'unmu na birni. Sujada biyu ake yi, ta Turanci da ta Hausa. Ba laifi a cikin wannan. Amma kun san yadda wasunmu suke kallon ta Hausa: ta tsofaffi ce, ta 'yan ƙauye, ta waɗanda ba su yi boko ba. Yaro ya yi shekara biyu a jami'a ya dawo, mahaifiyarsa tana addu'a da Hausa yana jin kunya a gaban abokansa. Matar nan da gumin surfe da tallan ƙosai ta biya kuɗin makarantar da ta koya maka Turancin. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma da shi kakanninmu na ƙabilu barkatai, daga Filato zuwa kudancin Kaduna zuwa Adamawa, suka koyi karatu suka san Almasihu. Bulus ya tambayi Korantiyawa, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba, in kuwa karɓa ka yi, don me kake fahariya kamar kai ka samo wa kanka? Digirinka karɓa ka yi. Muryarka karɓa ka yi. Har bangaskiyar da kake taƙama da ita, wani ne ya taka da ƙafa ya kawo ta garinku.

Haka nan zancen "mu ne muka fara karɓar bishara", "mu ne 'yan asalin wurin nan", wanda ke tashi duk lokacin zaɓen shugabannin zumuntar matasa. Na ga zaɓen da aka gama shi mutane suka daina gaisawa har Kirsimeti. A kan kujerar sakatare.

Sai ranar ƙaddamarwa. Ana kiran suna a makirfo, ana tafi gwargwadon kuɗin. Wanda ya ba da dubu ɗari a tafa masa sau bakwai, gwauruwar da ta ƙulle ɗari biyu a bakin zane ta jefa a kwano ba wanda ya waiwaya. Yesu kuwa irinta ya waiwaya ya duba a Haikali. Shi ne kuma ya ce kada hagunka ta san abin da damarka take yi. Ban ce a daina bayarwa ba, ku bayar har fiye. Amma ka tambayi kanka, da an ce a rufe a ambulan ba suna, adadin nan zai tsaya yadda yake?

Bafarisiyen Luka 18 bai yi ƙarya ba ko ɗaya. Yana azumi sau biyu a mako, yana fitar da zakkar duk abin da ya samu, ba mazinaci ba ne, ba azzalumi ba. Har da "na gode maka, ya Allah" ya fara. Sai dai addu'ar tasa ba ta iya tsayuwa sai ta taka wani. Mai karɓar haraji yana can nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai, shi ne ya koma gida baratacce. Hattara kuma, domin yana da sauƙi mu karanta wannan mu ce mun gode Allah mu ba kamar Bafarisiyen nan muke ba.

Yakubu 4:6 da 1 Bitrus 5:5 magana ɗaya suka faɗa: Allah yana gāba da masu girman kai, amma yana ba masu tawali'u alheri. Mun iya kwana muna tsawata wa maƙiya da mayu, ba mu tsaya mun yi tunani ba ko wanda ya tare mana hanya Allah ne da kansa. Hausawa sun ce girman kai rawanin tsiya, amma Nassi ya wuce nan, ya ce Mahalicci ne yake ja da kai.

Kada wani ya ɗauka tawali'u shi ne noƙe-noƙe. Akwai mai baiwar koyarwa da za a roƙa sau biyar yana "ai ni ban isa ba", alhali so yake a roƙe shi sau shida. Akwai mai cewa "ba ni ba ne, Allah ne" yana leƙen fuskarka ya ga ko za ka ƙara yabon. Wannan girman kai ne da ya durƙusa. Kunya ma dabam take da tawali'u, mutum yana iya sunkuyar da kai a gaban manya zuciyarsa tana tsaye ƙyam. In Allah ya ba ka murya, yi waƙa da dukkan ƙarfinka. In ya ba ka kai, yi karatu har ka ƙure shi. Yahaya Mai Baftisma bai rage murya ba a bakin Urdun. Amma da almajiransa suka zo da ƙorafi wai kowa yana tafiya wurin Yesu, ya ce shi abokin ango ne, farin cikinsa ya cika, dole Yesu ya ƙaru shi ya ragu. Abokin ango da ya fara sha'awar amarya ya ci amana.

Ku zo mu tsaya a ɗakin nan na jibin ƙarshe. Luka ya gaya mana a wannan daren ma almajirai suna gardamar wane ne babba a cikinsu. Mutum goma sha biyu sun yini suna taka ƙura da takalman fata, mu da muka san ƙafar da ta sha hanya a lokacin hunturu mun san yadda take, faso da datti har idon sawu. Ga ruwa, ga daro, ga tawul, ba wanda ya motsa, domin aikin bawa ne. Yahaya 13 ta ce Yesu, da yake ya san Uba ya sa kome a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma za shi, sai ya tashi ya tuɓe mayafinsa ya yi ɗamara da tawul. Sanin ko shi wane ne ya sa bai ji tsoron durƙusawa ba. Mu da muke kokawar kujerar gaba, rashin tabbacin matsayinmu a wurin Uba ne yake sa mu. Ya bi su ɗaya ɗaya, ya riƙe ƙafar Bitrus da zai yi musun saninsa kafin zakara ya yi cara, ya riƙe ƙafar Yahuza da ya riga ya shirya cinikinsa. Washegari yana kan gicciye.

A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, ba su ga ko majami'a ɗaya da idonsu ba. Daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Su ma an san sunayensu. Masu bishara 'yan ƙasa da suka bi ƙauyuka a kan keke da ƙafa, matansu suna ɗauke da tukwane a ka, suka binne 'ya'yansu a garuruwan da ba nasu ba, yawancinsu ko jikokin waɗanda suka tuba ta hannunsu ba su san sunansu ba. A kan kafaɗunsu muke tsaye muna rigimar wa za a rubuta a saman takardar shirin taro.

Ni dai bayan wancan taron na je gidan shugaban mawaƙanmu da yamma, na same shi yana gyaran babur a ƙofar gida. Na ce, "Baba, maƙogwarona lafiya lau yake, ƙarya na yi muku." Ya ajiye sifana ya dube ni, ya ce ya sani tun makon farko, jira yake in zo. Muka durƙusa a zaure ya yi mini addu'a. Daga nan ya ce sauran wuri ɗaya da zan je. Wannan tafiyar ta fi ta farko nauyi, sai da na wuce ƙofar gidan gwaggon yarinyar nan sau biyu kafin na yi sallama. Na gaya mata abin da na zauna ina yi a bencin baya ranar da take waƙa, na roƙi gafara. Ta yi shiru, idonta ya cika, ta ce ita kuwa duk makonnin nan tana ta addu'a Allah ya warkar mini da maƙogwaro, don tana so in koya mata yadda ake riƙe numfashi a dogon baiti. Ranar Alhamis ta gaba muka fara.