Ranar da na ce zan yi cajin salula da iska

Kuran ya ɗauke tun asuba, zafi kamar a tanda, ni kuwa na karanta cewa a 1964 wani Ba'amurke, William Brown, ya tayar da ɗan jirgi mai saukar ungulu da wutar da aka harbo masa ta iska, ba waya ba batir. Na ce to mu nan Maradi ai iskarmu cike take da gidajen rediyo. Na sayo wayar jan ƙarfe da ƙananan kayan lantarki, diyod da kondansater. Lissafi ma na yi shi: tashar da ke kan megahaz 100 tsawon zangonta mita 3 ne, don haka na yanka wayar na yi eriya mai hannu biyu, kowane santimita 75, na ɗaure a gora.

Da na yi shiru da bakina da an wuce wurin. Sai na je na faɗa a fada.

Bayan la'asar kowa ya hallara, har masu kabu-kabu biyu da ban gayyata ba. Salulata na kan 12 bisa ɗari. Na jona. Aka yi tsit. Na juya gorar gabas, na juya ta kudu wajen Dan Issa, na hau kan benci ina ɗaga ta sama kamar mai kakkaɓo mangwaro. Aka leƙa: 11. Na ce tana ɗumi ne. Aka zuba shayi na biyu, aka sake leƙawa: 9, saboda kowa sai ya kunna fuskar ya duba.

Shi kuwa wani ɗan fadarmu, wanda nake bi jikkata biyu tun ƙaramar salla, shi ne ya fi kowa baki. "Injiniya, ko iskar ce ba ta biya kuɗin kuran ba?" Sau huɗu ya maimaita, kowane karo sai ya tafa da na kusa da shi. Mutumin da ko fitilar babur bai iya canzawa! Kuma wai aron caja ya zo yi ranar.

Da dare na sake duba karatun. Ashe Brown saita masa wutar aka yi kai tsaye daga ƙasa. Abin da eriya ke tsinta a iskar gari bai kai kaso ɗaya cikin dubu na wat ba, salula kuwa volt 5 take nema da wat ɗinta cur.

Gorar na nan a tsakar gida. Uwargida ta ce tsayin ya yi mata daidai, safar yara take shanyawa a kai.