'Yar uwa, idan an yi miki aikin rage tumbi, kada ki ɓoye wa masu awo

Assalamu alaikum. Aikin rage ƙiba ya shigo mana Zariya. Wasu Masar suke zuwa, wasu Indiya ko Turkiyya, a yanke kusan kashi uku cikin huɗu na tumbi, ko a yi wanda ake karkatar da hanyar abinci ya tsallake farkon hanji. Ga mai ciwon suga ko hawan jini aikin yana da amfani, ban ce kada a yi ba. Abin da ke damuna shi ne yarinya ta dawo ta rame, a sha biki, dangin miji su fara ƙirga watanni, ita kuma ta ja bakinta ta yi shiru saboda kada a yi da ita.

Likitoci suna cewa a jira wata 12 zuwa 18 kafin a ɗauki ciki, wasu ma har shekara 2. A wannan tsakanin jiki zubar da nauyi yake yi, loma uku ta tuwo kin ƙoshi, to me jariri zai samu? Kuma haihuwa tana dawowa da wuri: wadda ta yi shekaru al'adarta na rikicewa sai ta daidaita tun a watannin farko. Idan na karkatar da hanji aka yi miki, ƙwayar tazarar haihuwa ba lallai ta kama ba. Ki nemi wanda ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu ko na cikin mahaifa. Ki zauna da maigida ki yi masa bayani, shi zai tare miki surutun dangi.

Wani babban bincike na ƙasar Suwidin da ya fito a 2015 ya nuna cewa matan da aka yi wa aikin ba su cika kamuwa da sugan ciki ko haifar ƙaton yaro ba, amma sun fi haifar jariri ɗan tsurut wanda bai kai nauyin watanninsa ba. Nan ne hatsarin. Bayan aikin, jiki ba ya iya tsotsar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 yadda ya saba, ga folik asid, ga kalsiyam da bitamin D. Shi folik asid tun kafin ciki ake fara sha, domin lakar bayan jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da ba ki ma san kina da ciki ba. B12 kuwa sau da yawa sai da allura. Jan maganin ƙarin jini da ake raba wa kowa a awo ba zai wadatar da ke ba, sai an riƙa gwada jininki duk wata uku.

Da yake tumbin naki ƙarami ne, ki fara da abin da ke gina jiki: ƙwai, kifi, alale, kindirmo, kwaɗon zogale. Tuwo ya zo daga baya. Kada ki kora abinci da shayi, yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe. Hanta kuma a bar ta, bitamin A ɗin cikinta ya yi wa jaririn da ke ciki yawa.

Don Allah ranar farko da kika je awo, ko Shika ne ko Ƙofar Gayan ko ƙaramin asibitin unguwarku, ki ce an yi miki aikin, ki nuna takardunki. Tsakanin mako 24 zuwa 28 akan ba masu ciki ruwan suga mai giram 75 su shanye don gwaji. Ke zai iya jefa ki cikin jiri da zufa da bugun zuciya, sai dai a riƙa auna miki suga a yatsa na wasu kwanaki. Amai da ya ƙi tsayawa ba laulayi ba ne da za a ce ki daure, yana ƙarar da bitamin B1 har ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ciwon ciki mai tsanani kuma, musamman ga wadda aka karkatar wa hanji, yana iya zama hanji ne ya sarƙe. Kada a tsaya jiƙo, a kai ki asibiti a daren, kuma wanda ya raka ki ya san abin da zai faɗa wa likita.