Nonon raƙumi ma yana buƙatar tafasawa

Mutane da yawa sun ɗauka nonon raƙumi ba ya ɗauke da ƙwayoyin cuta, don haka suke shan sa ɗanye. Gaskiya ne yana da sinadaran da ke rage yaɗuwar ƙwayoyin cuta, shi ya sa yake jinkirin tsami. Amma rage yaɗuwa daban, kashewa daban. Cutar burusela, mai kawo zazzaɓi mai tafiya ya dawo, tana shiga jikin mutum ta ɗanyen nonon taguwa kamar yadda take shiga ta na akuya da na tunkiya. Nonon tunkiya ya fi sauran maiƙo, amma maiƙo ba ya tsare kowa daga cuta. Dattin hannun mai tatsa ko na ƙwarya ma kan gurɓata nonon. A tafasa shi kafin a sha, musamman idan yara za a ba.