Idan coci-coci za su haɗa kai don yunwa, su fara da asusu ɗaya

'Yan'uwa cikin Almasihu, tara kuɗin agajin yunwa ba shi ne mai wuya ba. Da zarar an yi sanarwa ranar Lahadi, mutane suka ga hoton yaro mai tamowa, kwanon baiko zai cika. Aiki yana farawa ne ranar Litinin: kuɗin yana hannun wa, ta wace hanya zai bi, kuma yaushe zai isa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma haɗin kan da ya tsaya a taron addu'a kawai ba ya ciyar da kowa. Idan coci goma suka yarda za su yi tare, kowace ta ba da mutum biyu a kafa kwamiti, a buɗe asusu ɗaya a banki da sunan aikin. Masu sa hannu su zama uku daga ɗarikoki daban-daban, kuma ba a cire ko sisi sai biyu sun sa hannu. A ganina gara fastoci su bar wannan ga ma'aji da dattawa, domin zargi yana saurin manne wa mai wa'azi. Manzo Bulus ma bai ɗauki gudummawar ikilisiyoyi shi kaɗai ba. A Korintiyawa ta biyu sura 8 ya haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

A ware wannan baiko daga na yau da kullum. Ana tashi daga sujada, mutum uku waɗanda ba 'yan gida ɗaya ba su ƙirga, su rubuta, su sa hannu, washegari a kai banki. Lahadi mai zuwa a karanta jimillar a dukan cocin. Tun farko kuma a rubuta abin da za a yi da rarar kuɗi idan an samu, domin rigima takan taso ne ranar da wani ya ce a ara kaɗan a gyara rufin majami'a.

Abin da ya fi damuna shi ne jinkiri. Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ayyana yunwa a hukumance sai gida ɗaya cikin biyar ya rasa abinci ƙwarai, kashi 30 cikin ɗari na yara sun rame, sannan mutum biyu cikin dubu goma suna mutuwa kowace rana. Wato kafin a furta kalmar, an riga an haƙa kaburbura. A Somaliya an ayyana ta a watan Yulin 2011, mutane kusan 260,000 suka mutu, rabinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma da yawa sun rasu tun kafin sanarwar. Saboda haka kada a riƙe kuɗi wata uku ana jiran ranar bikin miƙawa da manyan baƙi. A riƙa turawa duk mako biyu. Bikin ma kansa, da hayar zaure da abincin baƙi, yakan cinye abin da zai riƙe gidaje da dama.

Sannan a tura kuɗi, kada a tura kaya. Na san zuciya ta fi natsuwa idan an ga buhuna jibge a harabar coci, amma kuɗin mota, ajiya, haraji a kan iyaka da ɓarnar ƙwari suna rage su sosai, kuma idan sun isa sukan karya farashin ɗan abin da manoman wurin suka rage da shi. Inda kasuwa take ci, ba iyali kuɗi ko sayen hatsi a kusa ya fi sauri. Madarar gari kuwa a guje ta: a dama ta da ruwa mara tsafta, gudawa ce za ta kashe jaririn. Yaron da kaurin damtsensa bai kai santimita 11.5 ba magani yake bukata, irin abincin nan na musamman da ke cikin ƙaramar leda, a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. A cika masa ciki da abinci mai nauyi farat ɗaya yana iya zama ajalinsa.

A yi lissafi da gaskiya. Ƙa'idar masu aikin agaji ita ce kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki) 2,100 ga mutum a rana, wato kimanin giram 400 na hatsi, ban da wake, mai da gishiri. Iyali mai mutum shida zai ci kilo 72 na hatsi a wata. Abin da zai riƙe gida 600 na mako biyu, shi ne zai riƙe gida 100 na wata uku, kuma na wata ukun ne yake fitar da mutane daga hatsari.

Wa za a ba kuɗin? Wanda yake da ma'aikata a wurin tun kafin bala'in, kamar Caritas, ƙungiyar agaji ta cocin Katolika, ko ƙungiyoyin da ke cikin ACT Alliance, haɗakar ƙungiyoyin agaji na coci-coci, ko wata amintacciyar ikilisiya ta yankin. A nemi takardar rajistarsu da rahoton binciken kuɗinsu, a tambayi yadda suke zaɓen masu karɓa. Wanda ya ce ba ya kashe komai wajen gudanarwa, a yi hattara da shi, don mota ba ta tafiya ba mai. Sharaɗi ɗaya kuma babu sassauci a kansa: ba a tambayar mai jin yunwa addininsa, ba a ɗaura masa zuwa sujada kafin ya karɓa.

Kada a rufe asusun da zarar labarin ya bar rediyo. Iyalan da suka cinye irinsu, suka sayar da dabbobi da kayan noma, za su shiga damina hannu wofi. A ware wani kaso, ko ɗaya cikin biyar ne, don iri da kayan aiki, a tura shi aƙalla wata biyu kafin ruwan farko.