Waƙa goma a sati ta fi dubu biyu a kart memwar

Jama'a, cika waya da waƙa daban, sauraro daban. A nan Tawa mutum zai kai kart wurin masu turi a kasuwa ya ce a cika masa, ya dawo da waƙa dubu biyu, rabinsu ba suna sai lamba, amma a fada guda biyar ɗin nan dai ake ta maimaitawa har shayi na uku ya ƙare. A ganina goma sun isa sati. A ware su ranar Lahadi a dosiye guda, kada a taɓa sauran sai wata Lahadin.

Uku daga cikin goman a ba tsofaffi: Shata, Ɗan Maraya Jos, Ɗanƙwairo. Waɗannan ba a jin su a kan moto, magana ce, sai an zauna. Waƙar Shata ba ta buɗewa a ji na farko. A na biyu za ka lura da inda ƴan amshi ke karɓa, a na uku ka ji yadda kalangu ke faɗin abin da bakinsa bai ƙarasa ba. Bayan isha'i ne lokacinsu, in gari ya yi shiru.

Uku kuma na gida, kuma a nan ne muke da sakaci. Mdou Moctar, wanda ke kaɗa gita da hagu, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka bazu kafin Turai ta san da shi. Les Filles de Illighadad ƴan jiharmu ne, daga wajen Abalak, sun ɗora gita a kan kiɗan tende na mata. Bombino na Agadas ya shiga takarar Grammy a 2019. A Yamai akwai Tal National da Mamar Kassey, inda sarewar Yacouba Moumouni kaɗai ta ishi mutum dare guda. Ni dai a yanzu Mdou da Tal National ne a sama. Abin kunya ne a Tawa, garin mawaƙi Ɗan Gurmu, mai gasar waƙa da sunansa, a ce samari sun fi sanin mawaƙan Kano da na ƙofar gida.

Ba wai na Kanon ba su iya ba. Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa su samu biyu, sauran biyun a bar wa wanda ba ka taɓa ji ba.

Sai batun sauti, wanda shi ke ɓata wa mutane waƙa ba su sani ba. MP3 mai lambar ingancin sauti 128 yana cin kusan mega ɗaya a minti, mai 320 kusan biyu da rabi. Ke nan waƙa goma masu kyau ba su wuce mega ɗari ba, in ba doguwar Shata aka saka ba. Amma wadda aka ciro daga bidiyon da ya zagaya WhatsApp ta riga ta mutu, ko an mayar da ita 320 girma kawai za ta ƙara. Lasifikar waya kuma ba ta fitar da kauri: kuntigin Ɗan Maraya zai fita tas don muryarsa siririya ce, amma ganga da bas sai su ɓace, Tal National ta zama kamar ana buga gwangwani. A nemi ekuter (abin sawa a kunne) ko ƙaramin bafal (lasifika). A kula da kart na jabu, mai rubutun jiga 32 alhali cikinsa bai kai ba. Alamarsa ita ce waƙa ta hau lafiya, gobe ta ƙi buɗewa. A cika shi taf tun ranar saye, a gwada na farko da na ƙarshe kafin a bar wurin mai kaya.

Kunne ma yana da nasa lissafin sati. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakar babba a desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a sati, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. In na kusa da kai yana jin abin da ke cikin ekuter ɗinka, ko ka cire ka ji kunne na kuka, rage sautin zuwa wajen kashi 60.