Ku daina cusa wa matattu magana a baki

Daren jiya wata muhawara ta ɓarke tsakanin ƙannena biyu a wani zauren WhatsApp da muke ciki. Ɗaya yana kare jari-hujja, ɗayan yana kare kwaminisanci. Wallahi da farko daɗi na ji, domin matasa ne suke magana a kan talauci da haƙƙin ma'aikaci, ba gulmar wance ba. Can sai na farkon ya turo hoton Abraham Lincoln, tsohon shugaban Amurka, a ƙarƙashinsa an rubuta wai ya ce ba a taimakon talaka ta hanyar karya mai kuɗi. Ko minti biyu ba a yi ba ɗayan ya rama da hoton Lenin, jagoran juyin juya halin kwaminisanci a Rasha, wai ya ce 'yan jari-hujja da hannunsu za su sayar mana da igiyar da za mu rataye su. Na tambayi kowannensu inda mutumin ya faɗi haka, da kuma shekarar. Amsarsu ɗaya ce: "Yaya, haka na gani."

Haka na gani! Wannan amsar ce ta hana ni barci.

Ƙannena, Lincoln bai faɗi wannan magana ba. An kashe shi a 1865. Wani limamin coci ne a Amurka, William Boetcker, ya wallafa ta a 1916, bayan Lincoln ya haura shekara 50 a kabari. Ƙaryar ta yi ta yawo har tsohon shugaba Ronald Reagan ya maimaita ta da sunan Lincoln a babban taron jam'iyyarsa a 1992. Dubi irin nisan da ta yi don kawai ba a tsaya an tambaya ba. Ita kuma maganar igiya, an tattara rubuce-rubucen Lenin da jawabansa an buga su, masu bincike sun duba, ba su same ta a ciki ba. Ke nan mutum biyu sun kwana suna jifan juna da abin da masu shi ba su san da shi ba.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Sau nawa kuka ga hoton Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, da sigarinsa, wai ya ce wanda ba ɗan gurguzu ba ne a ƙuruciya ba shi da zuciya, wanda kuma bai zama ɗan mazan jiya ba bayan ya manyanta ba shi da ƙwaƙwalwa? Babu ita a rubutunsa. Shi da ya shiga majalisar Ingila a 1900 yana ɗan shekara 25 a ƙarƙashin jam'iyyar 'yan mazan jiya, kansa zai zaga? Haka idan cacar baki ta yi zafi, sai wani ya jawo Voltaire na Faransa, wai ya ce ban yarda da abin da ka faɗa ba amma zan ba da raina don kare 'yancinka na faɗarsa. Magana ce mai kyau, amma wata marubuciya 'yar Ingila, Evelyn Beatrice Hall, ita ta rubuta ta a 1906, alhali Voltaire ya mutu tun 1778. Mace ta yi aikinta, an ƙwace an ba wa namiji don sunansa ya fi amo. Wannan ba zalunci ba ne?

Na san dalilin da ya sa kuke yi. Kuna jin maganarku ba ta da nauyi sai kun rataya mata babban suna. To zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da ka haɗu da wanda ya yi karatu, tambaya ɗaya zai yi maka ka tsaya tsirara, kuma duk gaskiyar da ka faɗa kafin nan ta bi ruwa tare da ƙaryar. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne idan an nuna wa mutum kuskurensa sai ya ce, "Ai ko ba shi ya faɗa ba, maganar gaskiya ce." In haka ne, me ya sa ka liƙa hotonsa? Ka faɗe ta da bakinka mana, a auna ta da hujjarka.

Ga kuma zagi. Kafin a yi nisa an kira wannan karen Turawa, an kira wancan mara addini, har an taɓo iyaye. Mutum ya raba dare yana latsa waya, ya makara sallar asuba, ya makara aiki, a kan littafin da bai taɓa buɗe shafinsa na farko ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Abin takaicin, gaskiyar tarihi ta fi waɗannan hotuna kaifi nesa ba kusa ba. Mai sukar kwaminisanci yana da yunwar da ta kashe miliyoyi a Ukraine a 1932 da 1933 bayan an tilasta wa manoma haɗa gonaki, yana da wadda ta fi ta muni a China daga 1959 zuwa 1961, yana da katangar Berlin da aka gina a 1961 don hana mutane guduwa. Mai sukar jari-hujja yana da ƙananan yaran da aka riƙa sawa aiki a masaƙun Ingila har sai da aka yi doka a 1833 ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 9 ba, yana da hannayen da aka sare a Kwango a zamanin Sarki Leopold na Biyu saboda roba, yana da rugujewar bankuna ta 2008 da ta raba talakawa da gidajensu. Wanda yake da wannan a hannu, me zai yi da ƙage?

Da kun karanta mutanen nan ma, da sun ba ku mamaki. Karl Marx da abokinsa Engels, iyayen aƙidar kwaminisanci, a 1848, sun amsa da bakinsu cewa 'yan jari-hujja sun samar da ƙarfin ƙere-ƙere a ƙasa da shekara 100 fiye da duk al'ummomin da suka gabace su. Adam Smith, wanda ake kira uban kasuwa mai 'yanci, ya yi gargaɗi a 1776 cewa da wuya masu sana'a ɗaya su taru ba su ƙare da ƙulla yadda za su tsawwala wa jama'a farashi ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Amma wa zai zauna ya karanta, alhali hoto mai layi biyu ya fi saurin jawo tafi?

Mu da muka gaji ilimin isnadi, mu ne yau muke cewa "haka na gani"? Magabata sukan yi tafiyar watanni a kan raƙumi don tantance magana ɗaya, su binciki wanda ya faɗa, da wanda ya ji daga gare shi, da halin kowannensu. Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi yana cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. A da, ɗalibi ba ya kawo magana gaban malaminsa bai san littafin da ya ɗauko ta ba, kunya ma ba za ta bar shi ba. Yanzu laburaren duniya yana cikin aljihunmu, amma kunyar ta tafi. Kuma abin da nake tsoro shi ne, hannun da ya saba liƙa wa Lincoln magana, gobe Sayyidina Ali zai liƙa wa, jibi kuma ya kai inda aka yi wa mai yin hakan alkawarin mazauni a wuta. Muna ganin irin waɗannan saƙonni kullum, har da "tura wa mutum goma" a ƙarshensu.

Ku ji tsoron Allah, ƙannena, ku riƙa tambaya kafin ku tura. Na bi su biyun ɗaya bayan ɗaya na yi musu wannan bayani. Mai hoton Lenin ya yi shiru, daga baya ya goge. Mai hoton Lincoln ya ce ya gode, amma da safen nan na tarar da hoton a wani zauren daban, da sunansa a sama, mutane suna ta yi masa jinjina.